Yadda Ake Tsara Sharhin Gabanin Wasan Ƙarshe na Ƙwallon Jami'o'in Amurka, Mataki-Mataki

Masu bibiyar ƙwallon Amurka sun sha tambayar mu yadda ake zama a rubuta sharhi kafin wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, irin sharhin da zai nuna wa mai karatu inda wasan zai karye tun kafin a busa usur. Ga yadda aikin yake daga farko har ƙarshe. Za mu ɗauki wasan da Michigan ta buga da Washington ranar 8 ga Janairun 2024 a filin NRG da ke Houston a matsayin abin gwaji, domin ƙungiyoyin biyu sun zo da salo mabambanta ƙwarai, kowace kuma ta ci wasanninta 14 ba tare da faɗuwa ba.

Kalmomin da za mu yi amfani da su kaɗan ne. Yunƙuri shi ne kowane taku guda daga lokacin da aka miƙa ƙwallo har aka tsayar da ita, kuma ƙungiya na da yunƙuri 4 ta ci yadi 10. Riƙo shi ne dukan lokacin da ƙwallo ke hannun ƙungiya ɗaya kafin ta koma wa ɗayar. Kwatabak shi ne mai jifa kuma jagoran hari. 'Yan garkuwa su ne ƙartin nan biyar da ke tsare shi, 'yan kutse kuma su ne na gaban layin tsaro da ke ƙoƙarin fasa su. Tacdawun, wato kai ƙwallo bayan layin ci, maki 6 ne, ana kuma neman ƙarin maki 1 ko 2 a bayansa, bugun sanduna maki 3.

1. Tanadin kayan aiki da lokaci

Kana buƙatar waya ko kwamfuta, littafin rubutu ko shafin Excel, da data mai ɗan yawa. Alƙaluma kyauta ne a shafin ESPN, da Sports Reference, da cfbstats, da shafin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Ma'aunin SP+ na Bill Connelly yana taimakawa wajen sanin ƙarfin abokan karawar da kowace ƙungiya ta fuskanta. Akwai PFF mai ba kowane ɗan wasa maki a kan kowane yunƙuri, amma na kuɗi ne, kuma wanda ya fara wannan aiki zai iya yi ba tare da shi ba.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne bidiyo. Ba za ka iya karanta lambar riga ko ganin yadda 'yan bayan layin tsaro suka tsaya ba idan hoton bai kai 720p ba, kuma a wannan matakin ka yi tanadin kusan gigabait 1 zuwa 1.5 a kowace awa. Wasanni shida za ka kalla, don haka ka nemi waɗanda aka yanke wa talla da hutu a YouTube, ka sauke su da dare idan layinka na da rahusar dare.

Ka ware awa 10 zuwa 12, ka raba su kwana uku ko huɗu. A 2024 kwana 7 ne kacal tsakanin wasan kusa da ƙarshe da na ƙarshe. Da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12, a Janairun 2025 an samu kwana 10 zuwa 11.

Gargaɗi: ana buga wasan ne daren Litinin da misalin 7:30 agogon gabashin Amurka, wato 1:30 na daren da zai waye Talata a Najeriya da Nijar. Kada ka rubuta wa masu karatunka "ranar Litinin" kawai ka bar su su kwana. Ka sa awa da rana a agogonsu, ka kuma wallafa sharhin tun ranar Lahadi ko safiyar Litinin.

2. Jera wasannin kowace ƙungiya, ka tace su

Ka rubuta dukan wasannin kakar a layi: abokin karawa, sakamako, gida ko waje. Sai ka ja layi a kan waɗanda ba su da abin koyarwa. Wasa da ƙaramar makaranta da aka gayyato a watan Satumba aka lallasa ta da ratar maki 40 ba ya gaya maka komai game da wasan ƙarshe. Michigan ta buɗe kakar 2023 da East Carolina, UNLV da Bowling Green, kuma duk wanda ya haɗa alƙaluman waɗannan da na Penn State da Ohio State ya gauraya tsaba da tsakuwa.

Abin da ya rage bayan tacewa galibi wasanni huɗu zuwa shida ne. Ga Michigan: Penn State 24-15, Maryland 31-24, Ohio State 30-24, Iowa 26-0, Alabama 27-20 bayan ƙarin lokaci. Ga Washington: Oregon sau biyu, 36-33 da 34-31, USC 52-42, Utah 35-28, Oregon State 22-20, Texas 37-31. A kan waɗannan za ka gina komai.

Jerin kansa yana magana tun kafin ka taɓa alƙaluma. Wasanni 10 na ƙarshe da Washington ta ci kafin wasan ƙarshe, babu wanda ratarsa ta wuce maki 10. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu: ƙungiya ce da ba ta firgita idan wasa ya yi zafi, ko kuma ƙungiya ce da ba ta iya kashe wasa da wuri saboda tsaronta na yoyo. Ka rubuta duka biyun a gefe, bidiyo ne zai raba gardama.

Gargaɗi: kada faɗuwa ɗaya ta rufe maka ido. Notre Dame ta sha kashi a gida a hannun Northern Illinois 16-14 a Satumbar 2024, Ohio State kuma ta faɗi a hannun Michigan 13-10 a ƙarshen Nuwamba, amma su biyun ne suka haɗu a wasan ƙarshe a Atlanta.

3. Fitar da alƙaluma biyar, ka bar sauran

Shafukan alƙaluma na da ginshiƙai sama da ɗari. Biyar ne ke da amfani, kuma kowanne za ka fitar da shi sau biyu, na hari da na tsaro.

Na farko, yadi a kowane yunƙuri. Ka raba jimillar yadi da yawan yunƙuri. Kada ka yi amfani da yadi a kowane wasa, domin ƙungiyar da ke sauri tana iya yin yunƙuri 80, mai jan ƙafa ta yi 60, sai ta farko ta zama kamar ta fi ƙarfi alhali yawan dama kawai ta samu.

Na biyu, yawan yunƙurin da ya yi nasara. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce: a yunƙurin farko a ci rabin yadin da ake bukata, a na biyu kashi 70 cikin 100, a na uku da na huɗu a ci duka. Wannan shi ke nuna ƙungiyar da ke tafiya daidai ba tare da jefa kanta cikin rami ba.

Na uku, manyan yunƙurai, wato masu yadi 20 ko fiye. Nawa take samu, nawa take bari a yi mata.

Na huɗu, maki a kowane riƙo. Na biyar, abin da ke faruwa a yadi 20 na ƙarshe kafin layin ci. A nan ka ƙirga tacdawun kaɗai. Shafuka da yawa suna haɗa tacdawun da bugun sanduna su ce ƙungiya na cin maki kashi 90 cikin 100, alhali wadda ke komawa da maki 3 a inda ya kamata ta samu 7 tana zubar da maki 4 ne kowane zuwa.

Gargaɗi mai muhimmanci: a ƙididdigar jami'o'i, idan aka kayar da kwatabak a bayan layi, yadin da aka rasa ana cire shi ne daga yadin gudu, saɓanin NFL, gasar ƙwararru, inda ake cire shi daga na jifa. Wannan na ɓata lissafi sosai. A ce ƙungiya an rubuta mata gudu 35 da yadi 120, wato 3.4 a kowane gudu, sai ka ce ba ta iya gudu. Amma idan 5 daga ciki kayar da kwatabak ne da ya ci yadi 40, gudun gaskiya 30 ne da yadi 160, wato 5.3. Ka gyara wannan da hannunka a kowane wasa da ka zaɓa, in ba haka ba za ka zargi masu gudu da laifin 'yan garkuwa.

Gargaɗi na biyu: ka cire yunƙuran da aka yi bayan wasa ya mutu. Idan ratar ta wuce tacdawun uku a zango na huɗu, wato na ƙarshe a wasa, 'yan benci ne a fili, alƙalumansu ba na ƙungiyar da za ta fito wasan ƙarshe ba ne.

4. Kallon bidiyo

Gani ya kori ji. Wasanni uku ga kowace ƙungiya: wasan kusa da ƙarshe, wasan da ta fi shan wuya, da wasan da ta kara da wadda salonta ya fi kama da abokiyar karawarta ta yanzu. Na ukun shi ne mafi daraja, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Don sanin yadda tsaron Michigan zai yi da masu cafen Washington, wasan Ohio State za ka duba, inda Marvin Harrison Jr. ya samu yadi 118 da tacdawun ɗaya amma aka katse wa Ohio State jifa sau biyu, wato 'yan tsaron Michigan suka cafe ƙwallon.

Ka kalli kowane wasa sau biyu. Karon farko ka bi ƙwallo kamar kowa. Karo na biyu ka cire ido daga ƙwallo gaba ɗaya. Kafin a miƙa ta, ka tsayar da bidiyon ka ƙirga abu uku: 'yan tsaro nawa ne suka taru kusa da layi, 'yan baya nawa ne suka tsaya can nesa, ɗaya ko biyu, kuma masu gadin gefe sun manne wa masu cafe ne ko sun ja baya yadi bakwai zuwa takwas. Idan 'yan baya biyu ne a nesa, mutum shida ko bakwai ne suka rage a gaba, hanyar gudu a buɗe take. Idan ɗaya ne, an ƙara mutum a gaba, amma an bar masu cafe mutum-da-mutum a gefe. Dukan wasan ƙwallon Amurka yana juyawa ne a kan wannan ciniki.

Bayan an miƙa ƙwallo, ka dubi layin nan inda ƙarti ke haɗuwa. Bayan daƙiƙa ɗaya, ina layin ya koma? Idan 'yan garkuwa sun tura abokan karawarsu yadi biyu gaba, mai gudu zai ci yadi huɗu ko da ba gwani ba ne. Idan kwalkwalin ɗan kutse ya riga ya bayyana a bayan layi, yunƙurin ya mutu. Ka yi alama a littafinka, dama ko kuskure, a kan yunƙuri 20 a jere. Abin da za ka gani ya fi duk wata ƙididdiga.

Ka kuma ƙirga mutum nawa tsaro ke turawa kan kwatabak. Ƙungiyar da ke iya takura shi da mutum huɗu kacal tana da bakwai a baya suna tsare jifa. Wadda sai ta yi rubdugu da biyar ko shida kafin ta isa gare shi tana barin ƙofa a buɗe, kuma gwanin kwatabak zai same ta.

Gargaɗi: bidiyon zaɓaɓɓun lokuta na minti goma ba kallon wasa ba ne. Yana nuna maka jifa biyar da suka yi kyau, ya ɓoye maka goma sha biyar da suka faɗi ƙasa.

5. Haɗa ƙarfi da rauni

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne yawancin sharhi ke kaucewa. Mutane kan jera kwatabak da kwatabak, mai gudu da mai gudu, su ce wannan ya fi wancan. Amma Michael Penix Jr., kwatabak ɗin Washington, da J.J. McCarthy na Michigan ba su taɓa tsayawa a fili lokaci ɗaya ba. Penix da tsaron Michigan yake karawa. Don haka ka zana akwati huɗu: jifan A da tsaron jifan B, gudun A da tsaron gudun B, sannan ka juya.

Ga yadda akwatunan suka kasance a wannan wasa. Jifan Washington shi ne mafi haɗari a ƙasar: Penix ya fi kowa yadin jifa a kakar, ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a, ya jefa yadi 430 a kan Texas, yana da masu cafe Rome Odunze, Ja'Lynn Polk da Jalen McMillan, kuma 'yan garkuwarsa ne suka lashe kyautar Joe Moore ta gwarazan 'yan garkuwa, ba a kayar da shi ko sau ɗaya a kowane wasa idan aka raba. A gabansa akwai tsaron da ya fi kowanne rowar maki a ƙasar, kusan maki 10 a wasa, wanda ya kayar da kwatabak ɗin Alabama sau 6 mako guda kafin nan. Wannan ƙarfi ne da ƙarfi. Kowa zai so ya rubuta a kansa, amma ba kasafai ake samun rata mai yawa a irin wannan akwati ba.

Ratar tana akwati na gaba: gudun Michigan da tsaron gudun Washington. Michigan ta nuna a Penn State cewa za ta iya cin babban wasa da gudu zalla, inda ta yi gudu 32 a jere, McCarthy kuma jifa 8 kawai ya yi a dukan wasan. Washington kuwa, Texas ta yi ta samun hanya a ƙasa a kanta. Wanda ya zana akwatunan nan da gaskiya zai ga cewa a nan wasan zai karye. Haka kuwa aka yi: Donovan Edwards ya ci tacdawun biyu na yadi 41 da 46 tun a zangon farko, Michigan ta gama da yadi 303 a ƙasa, Blake Corum na da 134, Edwards 104.

Ka ba akwatin da ya fi rata rabin sharhinka. Sauran ukun su raba ragowar.

Gargaɗi: ka tambayi kanka me kocin da ke da raunin zai yi don rufe shi, da abin da zai biya. Bayan zangon farko Washington ta ƙara mutane a gaba ta toshe gudun na tsawon lokaci, har wasan ya tsaya 20-13, Michigan na gaba, zuwa tsakiyar zango na huɗu. Abin da ya buɗe shi kuwa jifa ne na yadi 41 zuwa ga Colston Loveland na Michigan, ta tsakiyar da aka bari. Sharhi mai kyau yana faɗin taku na farko da martaninsa.

6. Rauni, dakatarwa da 'yan benci

Ka duba rahoton lafiyar 'yan wasa sau biyu, ranar da ka fara rubutu da ranar da za ka wallafa. Rukunin jami'o'i na Big Ten ya fara tilasta fitar da irin wannan rahoto a 2023, rukunin SEC ya bi a 2024. Ka ƙara da abin da idonka ya gani a ƙarshen wasan kusa da ƙarshe. Dillon Johnson, babban mai gudun Washington, ya ji rauni a mintunan ƙarshe na wasan Texas. Ya buga wasan ƙarshe, amma ba da cikakken ƙarfinsa ba, kuma hakan ya bar Penix da jifa 51, ya kammala 27, aka katse masa 2.

Rubuta cewa wane ya ji rauni bai isa ba. Ka faɗi wanda zai maye gurbinsa da abin da zai canza. Lokacin da ɗan garkuwa Zak Zinter ya karye a wasan Ohio State, Michigan ta matsar da Karsen Barnhart ciki ta sa Trente Jones a gefen dama, wato gurbi biyu ne suka canza saboda mutum ɗaya. Alabama ta doke Georgia 41-24 a Disambar 2021, amma ta rasa John Metchie a wasan, sannan Jameson Williams ya ji rauni a gwiwa a zango na biyu na wasan ƙarshe, Georgia ta rama 33-18. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: a wasa na 15 ko 16 na kaka, zurfin benci yana daidai da gwanintar 'yan farko.

Ka ba kwatabak na biyu aƙalla jimla biyu. A Janairun 2018 Alabama na bayan Georgia 13-0 a hutun rabin lokaci, kocinta Nick Saban ya cire Jalen Hurts ya sa Tua Tagovailoa, suka ci 26-23. Ohio State kuma da kwatabak na uku, Cardale Jones, ta ɗauki kofin kakar 2014.

Gargaɗi: wanda aka kora a rabi na biyu na wasan kusa da ƙarshe saboda laifin kai duka da kwalkwali ko dukan kan wanda ba ya iya kare kansa, zai iya rasa rabin farko na wasan ƙarshe. Wannan ba ya fitowa a rahoton rauni, sai ka bincika da kanka.

7. Rukunin bugu, fili da halin koci

Wannan ba ya buƙatar dogon rubutu, amma kada a bar shi. Ka duba mai bugun sanduna daga yadi 40 zuwa sama, da ko masu karɓar bugu na sakin ƙwallo. Michigan ta kusa zubar da wasan Alabama ta wannan hanya, da ƙwallo biyu da suka suɓuce wa masu karɓa da bugun sanduna da ya kauce. A Janairun 2016 Alabama da Clemson na 24-24 a zango na huɗu, Saban ya sa aka yi gajeren bugun bazata suka ƙwace ƙwallo, daga baya Kenyan Drake ya dawo da bugu yadi 95, aka tashi 45-40.

Idan filin na da rufi, kamar na Houston ko na Atlanta, ka bar maganar iska da ruwa. Idan a buɗe yake, ka duba hasashen yanayi ranar wallafa. Game da koci, ka ƙirga sau nawa ya tsaya ya gwada yunƙuri na huɗu a kakar maimakon ya buga ƙwallo ya miƙa.

Gargaɗi: dokokin jami'o'i ba na NFL ba ne. Ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa a ƙirga cafe. Laifin tare mai cafe bai wuce yadi 15 ba komai nisan jifan, don haka mai gadin da aka wuce ya gwammace ya riƙe riga. A ƙarin lokaci kowace ƙungiya na farawa daga yadi 25, a zagaye na biyu dole a nemi maki 2 bayan tacdawun, daga na uku kuma yunƙurin maki 2 kawai ake musaya. Tun 2023 agogo ba ya tsayawa idan an samu sabon yunƙurin farko sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, abin da ya rage yawan riƙo ya kuma taimaki ƙungiyar da ke gudu tana cin lokaci.

8. Rubuta mabuɗan nasara

Uku ga kowace ƙungiya, kada su wuce. Kowane mabuɗi ya ƙunshi abu uku: wane ne zai yi, me zai yi, da adadin da za a auna shi da shi bayan wasa. "Dole Washington ta tsare gudu" ba mabuɗi ba ne, kowace ƙungiya a duniya na son haka. Mabuɗi shi ne: "Washington ta riƙe Michigan ƙasa da yadi 4.5 a kowane gudu a yunƙurin farko ba tare da sauko da ɗan baya na biyu ba, domin McCarthy ya riƙa fuskantar yunƙuri na uku mai nisa." Na Michigan kuma: "Kada a bar Odunze da Polk su samu fiye da cafe uku masu yadi 20, ko da hakan na nufin a bar Penix ya yi ta gajerun jifa." Mai karatu zai iya riƙe wannan a hannu yana kallo yana ƙirgawa.

Ka tabbata mabuɗan ɓangarorin biyu na amsa wa juna. Idan na A bai taɓa na B ba, wasanni biyu daban kake bayani.

Gargaɗi: "kada a yi asarar ƙwallo" shi ne mabuɗin da ya fi yawa a sharhi kuma ya fi rashin amfani. Idan ƙwallo ta suɓuce ta faɗi ƙasa, wanda zai same ta kusan rabi da rabi ne, saboda siffarta ba ta bari a san inda za ta yi tsalle. TCU ta doke Michigan 51-45 a ƙarshen 2022 da taimakon jifa biyu da ta katse ta mayar tacdawun, kwana tara bayan nan Georgia ta yi wa TCU 65-7. Ohio State ta yi asarar ƙwallo sau 4 a kan Oregon a Janairun 2015 ta kuma ci 42-20, saboda Ezekiel Elliott ya yi gudun yadi 246. Idan za ka ambaci asarar ƙwallo, ka faɗi dalilinta, misali kwatabak da ke jifa cikin cunkoso idan an takura shi.

Haka nan "cin yunƙuri na uku". Michigan sau 1 kawai ta yi nasara cikin 10 a wasanta da Washington, ta kuma ci da ratar maki 21, domin manyan gudunta ba su jira yunƙuri na uku ba.

9. Hasashen sakamako

Ka fara da yawan riƙo, galibi 10 zuwa 13 ga kowace ƙungiya, ƙasa idan duka biyun masu gudu ne. Sai ka ɗauki makin da A ke ci a kowane riƙo da wanda B ke bari, daga wasannin da ka tace, ka raba tsakani. A ce A na cin 3.2, B na barin 1.4, tsakiyarsu 2.3, sau riƙo 11 ya ba ka kusan 25. Ka yi wa ɗaya ɓangaren haka. Sannan ka ƙara ko ka rage maki 3 zuwa 7 bisa akwatin da ya fi rata da kuma raunuka, ka daidaita adadin zuwa wanda ake samu a wasa, kamar 24, 27 ko 31.

Ka faɗi wanda kake ganin zai ci ƙarara, ka kuma ba da sakin layi ɗaya a kan hanyar da ɗayar za ta bi ta ba ka kunya. Hanyar Washington a bayyane take, kuma ta kusa samuwa: a zango na biyu, a yunƙuri na huɗu da yadi 7, Odunze ya kuɓuce babu kowa kusa da shi, jifan Penix ya wuce shi.

Gargaɗi: kada riƙon farko ko wasan da ya gabata ya ja ka. Kociyoyi na tsara yunƙuran buɗe wasa tun daga gida. Notre Dame ta buɗe wasan ƙarshe na Janairun 2025 da riƙo mai yunƙuri 18 da ya ci minti 9 da daƙiƙa 45, kwatabak ɗinta Riley Leonard ya yi gudu 9 a ciki, daga nan Ohio State ta zuba maki 31 a jere. Ka gaya wa mai karatu ya jira riƙo na uku da na huɗu kafin ya yanke hukunci. Alƙaluman 'yan caca kuma ba hujja ba ne a sharhi, ka gina naka a kan abin da ka ƙirga.

10. Dubawa kafin wallafa

Ka bi kowane adadi ka koma inda ka samo shi. Ka duba rubutun sunaye, da cewa duk wanda ka ambata yana cikin ƙungiyar har yanzu, domin 'yan wasan jami'a na sauya makaranta a ƙarshen kaka. Ka tabbata alƙaluman da ka ɗauka sun haɗa da wasan kusa da ƙarshe, wasu shafuka kan yi jinkirin sabuntawa. Ka tsara rubutun haka: rana, awa, fili da tashar da za ta nuna a sama, ESPN ce ke da haƙƙin watsa wasan, sai akwatin da ya fi rata, sai sauran ukun a taƙaice, raunuka, mabuɗai, hasashe a ƙarshe. Kalma 900 zuwa 1,200 sun isa.

Ka ajiye littafinka kusa da kai daren wasan. A gefen kowane mabuɗi ka bar fili, ka cike adadin da aka samu a ƙarshen kowane zango, domin da wannan shafin za ka rubuta sharhin bayan wasa da safiyar Talata.